Wutar Mama Fumi

Tun ranar da na sauka a JFK ban sake yin barci irin na Maraɗi ba. Direban da ya ɗauke ni daga filin jirgi ɗan ƙasarmu ne ma, ya ji Hausa a bakina ya yi ta "ƙanwata, ƙanwata," sannan ya zaga da ni rabin New York kafin ya kai ni Park Hill, wata unguwa da ke tsallaken ruwa, ya karɓe guzurina kusan duka. Ban san an cuce ni ba sai da Hajiya Ladi ta tambayi abin da na biya, na faɗa mata, ta dafe ƙirji ta nemi bakin gado ta zauna.

Hajiya Ladi mutuniyar Zangon Kumasi ce, ƙawar goggona, a Makka suka haɗu. Ita ta sauke ni, ta ba ni katifa a falonta. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk "ya zo, ya tafi," na daɗe ina waigen namijin da take magana a kai kafin na gane maƙwabciyarmu take nufi. Mace ce mai kirki da faɗa a haɗe, za ta zage ki tas sannan ta ƙara miki nama a miya.

Bizata ta ƙare ina kan katifar nan. Daga ranar na zama wata iri. In na ji jiniya a titi sai in nemi wurin ɓuya, kuma a garin nan jiniya ba ta da lokacin hutu. In na hau jirgin ruwan da ke tsallakar da mu cikin gari, duk mai kaki da na hango sai in koma ɗaya gefen, ko da mai shara ne. Wata Juma'a kewar gida ta taso mini, na ɗauko ɗan turaren wutar da innata ta ƙulle mini a leda, na sa garwashi a murfin gwangwani. Ko ƙamshin bai gama tashi ba wani abu a rufin ɗaki ya fara ihu, na farfajiya ya amsa, kafin in ankara benen gaba ɗaya ya ɗauka. 'Yan kashe gobara suka zo da gatura a kafaɗa. Ni kuwa ina banɗaki na murɗa makulli, na tsuguna cikin bahon wanka ina karanta duk abin da ya zo bakina. Hajiya Ladi ce ta tsaya ta yi musu bayani.

Bayan sun tafi ta buga ƙofar ta ce, "Fito, Hassana. Ki saurare ni da kyau. A ƙasar nan abu biyu ba naki ba ne, wuta da 'yan sanda. Kada ki kunna ɗaya, kada ki kira ɗaya."

Ita ta samo mini aiki. Tana da 'yar ƙanwa, Maryam, mai takardu da shaidar kula da tsofaffi, wadda ta yi aure ta koma Ohio ta daina aiki. Sunanta na nan a rajistar wata ejansi mai tura masu kula da tsofaffi gidaje, aiki kuma ta waya ake rabawa. Sai na zama Maryam. Aka ba ni katinta in rataya a wuya. Maryam fara ce mai kumatu, ni baƙa siririya, ga tsagar gidanmu biyu-biyu a gefen ido. Na ce, "Hajiya, ai makaho ma zai gane." Ta ce in juya fuskar katin ciki, ba wanda ke kallon masu goge tsofaffi.

Haka na tsinci kaina a Highbridge da ke yankin Bronx, unguwar da ba a san shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Titi na sama, titi na ƙasa, tsakaninsu matakala doguwa kamar za ki hau sama ki gaida mala'iku. A hawa na biyar na wani tsohon bene aka kai ni wurin tsohuwar da zan kwana da ita, in tashi da ita. 'Yar Japan ce, sunanta Fumi, na sa mata Mama Fumi. 'Yar ƙanƙanuwa, in ta tsaya kanta bai wuce kafaɗata ba, gashinta fari fat. Ta auri wani sojan Amurka baƙar fata tana budurwa, ya kawo ta Bronx, ya rasu ya bar ta. Ɗansu ɗaya, David, yana wata jiha mai nisa, sai lokaci-lokaci yake leƙowa.

Ranar farko David ya zaga da ni gidan. Ya nuna mini murhun gas da ya cire wa maɓallai saboda ta taɓa ƙona tukunya, ya nuna mini sarƙar da ya ɗaura can saman ƙofa inda hannunta ba ya kaiwa. Ya ce tana mantuwa, Turancinta ma yana zubewa, shi kuma bai iya yaren uwarsa ba. Sannan ya ce, "In ta ɓace miki, kada ki tsaya nema. 'Yan sanda za ki fara kira, sannan ejansi, sannan ni." Na ce to. A raina na ce Allah kada Ka nuna mini wannan rana.

Turancina a lokacin na kasuwa ne, nata kuma ya koma na yara, sai muka dace. Abin da baki ya kasa, hannu ya ƙarasa. Ba ta yarda in shigo da takalmi ba, wannan bai dame ni ba. In zan yi salla sai ta ja kujera ta zauna tana kallona shiru, in na sallame ta ɗan rusuna mini. Shinkafarta ce dai ta kusa raba mu, ba mai ba gishiri, a dunƙule kamar tuwon da bai tuƙu ba. Na ɓoye yajina a jaka, ranar da ta ɗanɗana ta yi ta tari tana dariya tana dukan hannuna.

Kullum da yamma sai mun fita. Mu sauka, mu tsaya shagon Malam Idi, wani Badamagare mai sayar da kayan masarufi a kwanar layinmu, ta rusuna masa, shi ma ya rusuna har hularsa na neman faɗuwa, ya ba ta ayaba ɗaya. Daga nan mu je kan matakala ta zauna tana kallon kogin da ke can ƙasa bayan manyan tituna. A nan ne take ba ni labarin garinsu. Sunan garin ba zan rubuta ba, harshena bai taɓa kama shi daidai ba, ta gyara mini har ta gaji.

Ta ce ƙaramin gari ne a matse tsakanin duwatsu biyu, kogi ya ratsa tsakiya, rana ba ta leƙo su sai hantsi kuma tun la'asar dutse ya ɓoye ta. Ƙasar noma ba ta da yawa, don haka kakanninsu suka sassaƙa jikin dutse hawa-hawa, kowane hawa fadamar shinkafa, ruwa na gangarowa daga ta sama zuwa ta ƙasa. Wanda ya tare ruwa ya hana na ƙasa da shi, gari gaba ɗaya ya daina gaishe shi. Da sanyi ƙanƙara na rufe hanya ɗaya tilo da ke fita daga garin, su zauna a kulle har bazara, ta tagar sama suke fita don ƙofa ta binne. A saman gidansu tsutsar siliki suke kiwo, ta ce in tsutsotsin na cin ganye ƙarar kamar ruwan sama ne a kan kwano. Ubanta kuma gawayi yake ƙonawa a daji. Akwai wani ɗan itace da suke da shi, dangin kanya ne amma ya kai girman lemo, suna feraye shi su rataye a igiya a bakin rufi ya bushe.

Ta ce da siliki ya faɗi, gawayi ya daina ciniki, sai samari suka bi jirgin ƙasa zuwa birane. Makarantar da ta yi an rufe ta don ba yara. 'Ya'yan itacen nan ba mai tsinka, har wani baƙin naman daji mai tsayawa da ƙafa biyu yake saukowa cikin gari ya hau bishiya a ƙofar gidan mutane. Na ce mata ƙauyen innata ma haka yake bayan girbi, daga tsofaffi sai awaki, kowa ya tafi ci-rani. Ta gyaɗa kai kamar ta san wurin. Wasu ranakun sai ta nuna benayen Highbridge tana kiran sunayen maƙwabtansu na can, ta nuna matakalar ta ce ita ce mai hawa zuwa gidansu. Ba na musa mata.

A watan Agusta, cikin zafin nan mai danƙo, ta tashi wata safiya da ƙarfin da ban san ta da shi ba. Ta share gida, ta goge wani ɗan akwatin katako da ke ɗakinta mai hotuna a ciki. Ta sa na sayo kokwamba da baƙar gauta, irin doguwar nan. Na zaci miya za a yi. Sai na ga ta kakkarya tsinkayen katakon da take cin abinci da su a madadin cokali, ta soka wa kokwamba ƙafa huɗu, ta soka wa gauta huɗu, ta jera su gaban hotunan da ɗan kwanon shinkafa da ruwa. Na shige banɗaki na kira Hajiya Ladi ina raɗa.

Ta ce, "Tsohuwar nan tsafi yake yi. Ki yi ta Ayatul Kursiyyu, kada ki ci komai daga hannunsa."

Da na fito Mama Fumi ta ga fuskata ta gane. Ta ja hannuna ta zaunar da ni. Ta ce a garinsu, tsakiyar wannan wata, matattu na zuwa gida su yi kwana uku, sunan abin Bon. Kokwambar doki ce, don su zo da sauri. Gautar saniya ce, don in za su koma su tafi a hankali. Ranar zuwansu da yamma ana kunna 'yar wuta da karan rama a gindin hanyar da ke hawa gida, don su ga haske su gane ƙofa, ranar komawa a sake kunnawa a raka su. Ta nuna mini hotunan ɗaya-ɗaya, uwa, uba, mijinta da kakin soja. Na ƙarshe wata yarinya ce da ɗankwali a bakin gona.

"Haru," ta ce. "Ƙanwata."

Sai da na haɗa guntayen Turancinta kafin na gane labarin. Da ta auri sojan nan, ubanta ya ce kada ta sake taka garin, ba ta kuwa sake takawa ba. Haru ce ta zauna ta yi jinyar iyayen har suka rasu, ba ta yi aure ba, ita ma ta rasu a gidan nan na kan dutse. Mama Fumi ba ta je ko jana'iza ɗaya ba. Ta ce da mijinta na raye shi ke kunna mata wutar a kan rufin bene. Tun da ya rasu, duk mai aikin da aka kawo sai ta hana.

"Nan da nisa," ta ce. "Ba wuta, Haru ba ta gane hanya. Mariyamu, ashana."

Na ce a'a. Na faɗa da Turanci, na faɗa da Hausa, na girgiza kai. Wanda ya mutu ya tafi wurin Ubangijinsa, ba kokwambar da za ta dawo da shi, wannan na sani tun ina makarantar allo. Amma in faɗi gaskiya, ba tauhidi ne kawai ya sa na ƙi ba. Ɗaga kai na yi na kalli farin abin nan mai ihu in ya ji hayaƙi, da ke manne a rufin falo. Na kwashe ashanar gidan na zuba a jakata. Ba ta yi gardama ba, ta juya ta zauna gaban akwatin, ta ƙi cin abincin rana.

Na makara da la'asar ranar saboda lallashinta. Na shiga na yi alwala, na tayar da salla a ɗakina. Ina raka'a ta uku na lura ban ji ƙarar kujerar da take ja ta zauna kallona ba. Na sallame a gurguje. Falo ba kowa. Kujerar na gefen ƙofar fita, sarƙar sama na lilo.

Innalillahi. Na fita da farin hijabin sallar a jikina, na sauka bene ina kiran "Mama, Mama" a kowane hawa. Na faɗa shagon Malam Idi.

Ya ce, "Lafiya, Hajiya? Ai yanzun nan tsohuwarki ta fita. Ta yi mini alamar ƙyasta ashana, na ce ke kika aiko ta, turare za ki sa. Na ba ta kwali ɗaya."

Na ce, "Malam Idi, ka kashe ni. Yaushe na taɓa aiken ta? Matar da ba ta san sunan titinsu ba?"

Ya rikice, ya bar shago a hannun wani mai sayayya ya bi gabas, ni na bi yamma. Na fara zuwa inda muke zama, ba ta nan. Highbridge kuwa matakala ba ɗaya ba ce, kowane lungu da tasa, na sauka wannan na hau waccan har numfashina ya koma fito. Can ƙasa motoci na gudu a babban titi kamar an kore su. Na riƙa hango ta a raina, 'yar mitsitsiya da silifas na ɗaki, tana tsallakawa don ta kai bakin kogi. Na ciro waya na danna lambar nan uku ta kiran 'yan sanda. Yatsana na kan maɓallin kira, na ji muryar Hajiya Ladi a kunnena, na ga kaina a jirgi da ankwa, na ga innata da ke jiran kuɗin magani. Na goge lambar. Na yi gaba kaɗan na sake dannawa. Wallahi ban taɓa tsanar kaina da garin nan irin na yammacin ba.

Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai. Na zo kan wata matakala a bayan layinmu wadda ba mu taɓa bi ba, na leƙa ƙasa. Abin da na fara gani fitila ce ja da shuɗiya tana juyawa a jikin bango. Motar 'yan sanda. Mutane sun ɗan taru. A tsakiyarsu, a gindin matakala, Mama Fumi ce tsugune gaban ɗan farantin shayi, tsinkayen cin abinci na ci da wuta a kai, tana kare harshen wutar da tafinta.

Tana raye. Na gode wa Allah, sannan wani tunani ya shigo mini, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Ba wanda ya gan ni. 'Yan sanda sun same ta, za su kai ta inda ya dace. Tashar jirgin ƙasa na bayana, in na juya yanzu, kafin isha ina Park Hill. Na tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Sai ɗan sandan, wani ƙato, ya sunkuya ya kama ta ta hammata zai ɗaga ta. Ta yi wata 'yar ƙara irin ta mage, ta ƙanƙame ƙasa. Ban san lokacin da ƙafata ta taka matakalar farko ba.

Ina sauka tana ɗago kai. Ta ga mace cikin fararen kaya tana saukowa ta cikin hayaƙi, daidai lokacin da ta kunna wutarta. Fuskarta ta buɗe, irin buɗewar da ban taɓa gani ba a zamana da ita. Ta miƙe da kanta, ta miƙo hannu biyu.

"Haru," ta ce.

Ta rungume ni a ƙugu tana ta zuba yarensu, tana kuka, tana shafa bayana. Ɗayar 'yar sandan mace ce, baƙa, Turancinta irin na mutanen tsibiran da ke kusa da Amurka. Ta ce, "Ke ce mai kula da ita?" Na ce e. Ta ce, "Katinki."

Na zaro shi daga ƙarƙashin hijabi, igiyar ta sarƙe a kunnena. Ta haska shi da tocila. Ta kalli kumatun Maryam, ta ɗago ta kalle ni. Na ga idonta ya tsaya a kan tsagar gefen idona, ya koma kan katin, ya sake dawowa. A raina ina ta Hasbunallahu, ban ma iya kai ƙarshenta.

Ta ce, "Wa take kira?"

Na ce, "Ƙanwarta. Ta rasu."

Ta sauke tocilar. Abokin aikinta ya ɗaga takalmi zai take wutar, ta tare shi da hannu ta ce ya bari, ai ta kusa cinyewa. Muka tsaya mu duka, da 'yan kallo, har tsinken ƙarshe ya zama toka. Sannan ta rubuta abin da za ta rubuta, ta miƙo mini katin ta ce dole su sanar da ejansi da ɗanta, in kai ta gida in ba ta ruwa. Har yau ban sani ba ko ta gane ko ba ta gane ba, amma ni na fi zaton ta gane.

Washegari da safe ejansi suka kira. Suka ce an kawo rahoto, in zo ofis ranar Litinin da takarduna na asali. Na kira Hajiya Ladi, ta yi ta faɗa har wayar ta yi zafi a kunnena.

"Na ce miki wuta da 'yan sanda, ke kuma kika haɗa duka biyun rana ɗaya. Ki ɗauki jakarki ki fito yanzu, kada ki jawo wa Maryam bala'i."

Na ce, "Hajiya, in bar ta da wa? Ɗanta ya ce sai jibi zai samu jirgi."

Ta ce, "Uwarki ce?"

Na kashe wayar, abin da ban taɓa yi mata ba. Na zauna. Kwanakin nan biyu duk wanda ya taka farfajiya sai na miƙe tsaye, in lif ya tsaya a hawanmu sai in riƙe numfashi har in ji an buɗe wata ƙofar. Jakata na ɗaure a bayan ƙofa, takalmina a kanta. Mama Fumi kuwa ba ta taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Turanci ya tafi gaba ɗaya. Ta zaunar da ni a kujerar mijinta, ta zuba mini shinkafa da hannunta, ta riƙa ba ni labari tana dariya tana tambayata abubuwa, ni kuma ina gyaɗa kai. Wani lokaci ta kama hannuna ta sa goshinta a kai ta daɗe tana maimaita kalma ɗaya. Ba sai an fassara mini ba, na san neman gafara in na gan shi. Na rasa abin yi, sai na dafa kanta na ce da Hausa, "Ba komai, Yaya. Ya wuce." Na ci shinkafar kuma, sai dai Hajiya Ladi ta yi haƙuri.

David ya iso da la'asar ranar ƙarshe. Na ja shi kicin na ce masa yau zan tafi kuma ba zan dawo ba, na fara kame-kamen dalili. Ya ɗaga hannu ya ce tun zuwansa na biyu ya ga katin a kan tebur, ya san ba ni ba ce, amma ya ga uwarsa ta yi ƙiba sai ya yi shiru. Ya ce yanzu ba yadda zai yi, gidan tsofaffi zai kai ta kusa da shi. Ya leƙa ɗaki ya ga kokwamba da gauta, ya tsaya ya daɗe. Ya ce yana yaro babansa kan hau da shi rufin bene su kunna wutar, ya manta da abin sam.

Na ce masa, "Ta ɗauka ni ƙanwarta ce. In ta farka gobe ba ta gan ni ba, za ta fita nema."

Ya ce, "To ta raka ki da kanta."

Na ce ni ba zan kunna ba, addinina bai ba ni ba, kuma na ga wutar da ta ishe ni. Ya ce shi zai kunna, ni tafiya kawai zan yi, wadda dama zan yi. Na auna maganar na ga haka ne. Allah Ya ga zuciyata, ban ce ni matacciya ba ce, ban kuma ce matattu na dawowa ba.

Da rana ta yi ja muka sauka mu uku, na saka farin hijabin, jakata a kafaɗa. Malam Idi ya rufe shago ya biyo mu da galan ɗin ruwa, ya ce shi ya ba da ashanar farko, don haka shi ne mai gadi. Ya tsaya bakin titi yana waige-waige kamar ɓarawon kaji. A gindin matakalar David ya tsuguna da wandonsa mai tsada, ya jera tsinkaye a faranti, ashana ta mutu masa har sau nawa kafin ta kama. Ni dai idona na kan titi, kunnena na jiran jiniya.

Mama Fumi ba ta yi kuka ba. Ta gyara mini wuyan hijabi, ta kakkaɓe mini kafaɗa. Ta ciro gautar nan mai ƙafa huɗu daga aljihun rigarta ta sa mini a hannu, ta haɗa da dunƙulen shinkafa a leda, ta naɗe yatsuna a kai. Ta ja da baya ta rusuna, ƙasa sosai, ta tsaya a haka.

David ya ce a hankali, "Ki tafi. Kada ki yi sauri, kuma kada ki juyo. In kin juyo za ta zaci ba ki gane hanya ba."

Na juya na kama hanya. Ban taɓa tafiya a hankali a titin New York ba sai ranar. Na ji ta kira sunan Haru sau ɗaya a bayana, ba kiran a dawo ba. Wuyana ya yi ta ja ni in waiga, na dafe shi da ƙarfin hali, hawaye na shiga mini baki. A kwanar titi akwai motar 'yan sanda a tsaye, gilashi a sauke, mutum biyu a ciki suna shan kofi. Ta gabansu na wuce, da gauta mai ƙafa a hannuna, sai da na isa tasha na tuna ban ji tsoro ba.